Yadda Masana Su Ke Jarraba Ɓera A Kan Tuna Hanya

Ko wane mai gida ya san ɓera ba ya ɓata hanyar raminsa. In aka ɗaga fitila a ɗakin ajiya da tsakar dare, kafin a kai hannu ga sanda ya riga ya miƙe sak ya faɗa rami, ba ya tsayawa shawara. Mu dai mu kan ce wayo gare shi, mu bar maganar nan. Amma masu binciken ƙwaƙwalwa a Turai da Amurka ba su bar ta nan ba. Sun fi shekara 120 suna bin tambaya guda, watau da me ɓera ya ke gane wuri, kuma a wane sashe na ƙwaƙwalwa ya ke ajiye wannan sani. Ba ƙaunar ɓera ta sa su wannan wahala ba. Ƙwaƙwalwarsa, ko da ya ke ƙarama ce, tsarinta ya yi kama da na ɗan Adam, kuma sashen da ya ke tuna hanya da shi, irinsa ne ya kan fara lalacewa ga dattijon da ya fita kasuwar unguwarsu ya kasa komowa gida.

Wuyar aikin ita ce ɓera ba shi da bakin magana. Yaro in ana so a san ko ya gane darasi, sai a tambaye shi ya ba da amsa. Ɓera kuwa sai an gina masa tambayar da katako ko da ruwa, ya amsa da ƙafafunsa. Duk malamin da ya taɓa shirya jarrabawa ya san inda gizo ke saƙa: ka tambayi abu kaza, ɗalibi ya ci ta wata hanya dabam wadda ba ka yi tsammani ba, kai kuwa ka rubuta cewa ya gane. Haka masana su ka yi ta fama da ɓera, ko wane zamani su na toshe ƙofar da ya sulale ta ciki a zamanin baya.

Ɓeran da a ke magana ba irin na gidajenmu ba ne. Zuriya ce da a ke kiwo musamman a ɗakunan gwaji, yawancinsu farare, an san iyaye da kakannin ko wanne. Ɗaya daga cikin shahararrun zuriyar ta fito daga cibiyar Wistar ta birnin Filadelfiya, inda aka fara kiwonta a 1906. Akwai manya, akwai kuma ƙanana irin su kusu, kuma halinsu ba ɗaya ba ne, kamar yadda za mu gani.

Gidan lunguna

Wanda ya fara sa ɓera cikin gidan lunguna don auna koyonsa shi ne Willard Small, a Jami'ar Clark ta Amurka, ya buga sakamakonsa a 1901. Ya kwaikwayi fasalin wani lambu da ke fadar Hampton Court kusa da Landan, inda aka shuka shinge ya zama hanyoyi masu karkace-karkace don baƙi su shiga su ɓata, a yi dariya. Nasa gidan ƙafa 6 ne da ƙafa 8, da bangon waya, abinci a tsakiya. A kan saki ɓera mai jin yunwa a ƙofa, a ƙidaya mintin da ya ɗauka da yawan lungunan da ba su ɓullewa da ya shiga. Yau ya yi ta dawurwura, gobe kuskure ya ragu, bayan 'yan kwanaki ya bi hanya ba tuntuɓe.

To, ya koya. Amma me ya koya? John Watson na Jami'ar Shikago ya ɗauki wannan tambaya a 1907 ta hanyar da a yau ba za a yarda da ita da sauƙi ba. Ya raba waɗansu ɓeraye da gani, waɗansu da ji, waɗansu da jin wari, ya aske wa waɗansu gashin baki, duk da haka su ka bi hanya. A 1908 shi da Harvey Carr su ka ƙara wata dabara. Bayan ɓeraye sun ƙware, sai aka gajarta wani dogon lungu. Ɓeraye su ka sheƙo a guje kamar kullum, su ka gwabza hanci da bango. Da aka tsawaita lungun kuwa, sai su ka nemi juyawa daidai inda kwanar ta ke a da, su ka yi karo da bangon gefe. Watson ya yanke hukunci cewa ɓera bai san wuri ba, jikinsa ne ya haddace jerin motsi: taku kaza, juya dama, taku kaza, juya hagu, kamar yaron da ya haddace jadawalin sau bai san abin da sau ke nufi ba.

Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi ƙwarai, har wani mai suna Macfarlane ya yi masa illa a 1930. Ya cika gidan lunguna da ruwa, ɓeraye su ka koyi hanya da iyo, sa'an nan ya sa musu daɓe a ƙarƙashi don su taka da ƙafa. Motsin iyo dabam, na tafiya dabam, amma ba su ɓata ba. Ashe akwai abin da su ka riƙe wanda ya wuce motsin gaɓoɓi.

Taswira a ka

Shehun malamin da ya fi kowa tsayawa a kan haka shi ne Edward Tolman na Jami'ar Kalifoniya a Bakile. A 1930 shi da Honzik su ka raba ɓeraye kashi 3 a gida mai mararraba 14. Kashi na farko kullum su na samun abinci a ƙarshen hanya, na biyu ba su samun kome, na uku kuwa aka bar su kwana 10 su na yawo a banza, ran na 11 aka ajiye musu abinci. Kashegari kuskurensu ya faɗi warwas, su ka kamo na farko, har su ka so su wuce su. Watau duk kwanakin nan da a ke ganin ba su koyon kome, su na koyo, dalilin nuna shi ne ba su samu ba. Ina roƙon malaman makaranta su tsaya a kan wannan kaɗan. Abin da ɗalibi ya sani da abin da ya nuna ran jarrabawa abu biyu ne, kuma mai auna na biyun ya yi hattara kafin ya rantse a kan na farkon.

A 1946 Tolman da abokan aikinsa Ritchie da Kalish su ka koya wa ɓeraye wata hanya mai zagaye zuwa abinci, sa'an nan su ka toshe ta, su ka buɗe hanyoyi 18 da su ka bazu kamar yatsun hannu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku su ka zaɓi wadda ta nufi wurin abincin kai tsaye, alhali ba su taɓa bin ta ba. A 1948 Tolman ya ce ɓera na ɗauke da taswira a ka. Masu suka ba su yi barci ba. Su ka ce ai akwai fitila a rataye daidai wurin abincin, me zai hana a ce hasken kawai su ka bi? Kuma gaskiyarsu, wannan ƙofa ce da aka bari a buɗe.

Gwajin da ya fi raba gardamar mai sauƙi ne. A gina hanya biyu da su ka gitta juna. A riƙa sakin ɓera daga kudu, abinci na gabas, watau kullum dama ya ke juyawa. Ran jarrabawa sai a sake shi daga arewa. In juyin jiki ya haddace, zai yi dama ya faɗa yamma. In wuri ya sani, zai yi hagu ya tafi gabas. Da aka yi ta maimaitawa sai aka tarar kowa na da rabon gaskiya. A ɗaki mai tagogi da alamomi ɓera ya kan bi wuri, a ɗakin da ba abin gani ya kan bi juyi. A 1996 Packard da McGaugh su ka nuna har yawan horo na sauya amsa: ran kwana na 8 yawancin ɓeraye wuri su ka bi, ran na 16 sun koma bin juyi, kuma sassan ƙwaƙwalwa biyu dabam ke riƙe da ko wanne. Mu ma haka mu ke. Wanda ya sauya gida ya kan tsinci kansa a ƙofar tsohon gidan in hankalinsa ya tafi wani wuri.

Hanya takwas, rami goma sha takwas

A 1976 David Olton da Samuelson na Jami'ar Johns Hopkins su ka fito da wani fasali. Dandamali ne a tsakiya, hanyoyi 8 sun fita daga gare shi kamar wayoyin ƙafar keke, a ƙarshen ko wace akwai ƙwayar abinci guda a ɗan gurbi. Wanda ya koma hanyar da ya riga ya cinye ya yi asarar tafiya. In da ka kawai ɓera ke zaɓe, lissafi ya nuna cikin zaɓi 8 na farko hanyoyi kamar 5 zai taɓa. Ɓerayen Olton sun fi 7. Aka ce ko warin sawunsa ya ke bi? Sai aka riƙa juya gidan a tsakiyar gwaji, hanyar da ya taka ta koma wani gefe, aka ga gefen ɗakin ya ke lura da shi, bai kula da katakon ba. Aka ce ko bi da bi ya ke yi, daga wannan sai ta kusa da ita? Sai aka sa ƙofofi, a tsare shi a tsakiya ɗan lokaci bayan ko wane zaɓi. Bai ruɗe ba.

Amfanin wannan gida shi ne ya na raba tunawa iri biyu. In aka sa abinci a hanya 4 kaɗai, kullum su ɗin, ɓeran da ya shiga wadda ba a taɓa sa kome ba ya manta ƙa'ida mai ɗorewa, wanda kuwa ya koma inda ya ci ɗazu ya manta abin yau. Mai tallan da ta san gidajen da a ke sayen furarta, ta kuma san waɗanda ta riga ta shiga da safen nan, da iri biyun ta ke aiki. Aibinsa ɗaya, sai an rage wa ɓera abinci kwana da kwanaki, kuma duk maganin da ya kashe masa sha'awar ci zai sa a ce ya kashe masa tunani.

Carol Barnes ta kauce wa yunwa a 1979 sabo da tsofaffin ɓeraye ta ke bincike, su kuwa ba su jure wahala. Ta yi faifan katako mai faɗin ƙafa 4, da ramuka 18 a gefe, ɗaya kaɗai ke da akwati mai duhu a ƙarƙashi. A haska fitila mai ƙarfi, ɓera kuwa ba ya son fili da haske, sai ya nemi mafaka. Ta tarar tsofaffi sun fi jinkirin koyo, sun kuma fi saurin mantuwa.

Tafkin madara

Gwajin da ya fi duka yaɗuwa a duniya Richard Morris ne ya ƙago shi a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan, ya bayyana shi a 1981. Baho ne mai da'ira, na farko ya ɗara ƙafa 4 a faɗi, daga baya aka yi mai ƙafa 7. A cika shi da ruwa, a zuba madara har ya yi fari fat, a ɓoye ɗan dakali wanda ruwa ya rufe kansa da abin da bai kai inci guda ba. Ɓera gwanin iyo ne amma ba ya son zama a ruwa. A ko wane karo daga gefe dabam a ke sakinsa, don kada haddar juyi ta yi masa rana. Ba ya ganin dakalin, ruwa kuma ba ya riƙe sawu yadda katako ke yi. Abin da ya rage masa shi ne ƙofa da taga da hotunan da ke bangon ɗakin. Ran farko ya kan yi ta kewaya bakin bahon ya na neman mafita. Cikin 'yan kwanaki sai a ga ya nufi dakalin cikin daƙiƙa kaɗan ko daga ina aka sake shi.

Ainihin jarrabawar sai a ƙarshe. A cire dakalin gaba ɗaya, a saki ɓera minti guda, a raba bahon kashi 4 a takarda. Wanda bai san kome ba zai raba lokacinsa kusan daidai, rubu'i rubu'i. Wanda ya sani zai yi ta kai da kawowa a inda dakalin ya ke a da, kamar mai neman kuɗin da ya tabbata nan ya ajiye su. Sa'an nan dole a yi gwaji na biyu da dakalin da ya fito fili, ko aka kafa masa tuta. Ɓeran da ya kasa wannan ma, to, a binciki idonsa ko ƙafarsa ko tsoronsa, kada a ɗora wa tunani laifi. A ganina wannan gwaji na biyu ya fi kome nuna hankalin mai shirya jarrabawar.

A 1982 Morris da abokansa su ka gwada ɓerayen da aka lalata musu wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas, wanda aka raɗa wa sunan dokin teku sabo da lanƙwasarsa. Dakalin fili ba ya ba su wuya, ɓoyayye kuwa sai su yi ta yawo. Wannan ya dace da abin da John O'Keefe da Dostrovsky su ka gano a Landan a 1971, sa'ad da su ka sa waya mai sirantar gashi a wannan sashe su ka saurari ƙwayoyinsa ɗaya ɗaya. Wata ƙwaya ba ta motsi sai ɓera ya isa kusurwa kaza, wata sai ya isa tsakiya. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser da ɗalibansu a Toronhaim ta ƙasar Nowe su ka sami waɗansu ƙwayoyi a sashen da ke maƙwabtaka da shi, masu auna fili da tsari irin na saƙar zuma. Su biyun da O'Keefe aka ba kyautar Nobel a 2014.

Tafkin na da nasa aibi. Ruwa in ya yi sanyi ya kan galabaitar da dabba, tsoro kuma na taɓa tunani. Ƙananan ɓeraye ba su kai manya son iyo ba, waɗansu sai su saki jiki su yi ta shawagi har a tsamo su, waɗansu zuriyar kuma makanta su ke gada tun su na ƙanana. Mai gaggawa sai ya rubuta dukansu a jerin masu mantuwa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Mai jarrabawa ma abin jarrabawa ne

Nan ne maganar ta fi shafar mu masu aikin ilmi. Robert Tryon ya yi shekaru a Bakile ya na haɗa ɓerayen da su ka fi cin gidan lunguna aure da juna, ya na haɗa na baya da na baya, har ya sami zuriya biyu, aka sa musu suna masu kaifi da daƙiƙai. Ya buga labarin a 1940. Amma da Searle ya gwada su da waɗansu ayyuka dabam a 1949, sai ya ga masu kaifin ba su fi a ko ina ba. Bambancin ya haɗa da tsoron na'urar gidan da ƙwazon neman abinci. A 1958 Cooper da Zubek a Kanada su ka ɗauki irin waɗannan zuriya biyu, su ka reni waɗansu a keji mai kayan wasa da abin hawa, waɗansu a keji fayau. Daƙiƙan da su ka tashi cikin kayan wasa su ka kusa kamo masu kaifi, masu kaifin da su ka tashi a kejin banza su ka koma kamar daƙiƙai. Ɓerayen ba su da yawa, sabo da haka kada a ɗora wa gwajin kayan da ya fi ƙarfinsa, amma ya isa ya sa mutum ya yi tunani kafin ya ce wane haka aka haife shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na Rosenthal da Fode a 1963. Aka ba ɗalibai 12 ɓeraye biyar biyar, aka ce wa rabinsu naku masu kaifi ne, aka ce wa saura naku daƙiƙai ne, alhali duk iri ɗaya ne, da ka aka raba su. Da aka tattara sakamako, waɗanda aka kira masu kaifi sun fi ci. Ɗaliban da su ka ɗauka nasu na kirki ne sun fi lallaɓa su da tausasa musu hannu. Domin irin wannan ne ƙa'ida ta zama mai gwaji kada ya san wane ɓera ne aka ba magani, kuma a yau kyamara ce a sama ke bin dabbar, kwamfuta na lissafin tsawon tafiya da lokaci. Duk da haka, a 1999 Crabbe da Wahlsten da Dudek su ka gwada zuriya iri ɗaya, a rana ɗaya, da kaya iri ɗaya, a ɗakunan gwaji 3 na Amurka da Kanada, a waɗansu gwaje-gwajen sakamako ya saɓa. Har yadda a ke ɗaukar ɓera na da tasiri, gama an nuna a Libaful a 2010 cewa wanda a ke ɗagawa ta wutsiya ya fi zama cikin fargaba bisa ga wanda a ke ɗauka cikin ɗan bututu ko a tafin hannu. Tausayin dabba a nan ya zama sharaɗin samun amsa ta gaskiya, ban da cewa doka ma ta tilasta shi a ƙasashe da dama.

Daga ɓera zuwa dattijo

Cutar da likita Alois Alzheimer ya bayyana a Jamus a 1906, wadda ita ce babban sanadin abin da mu ke kira gigin tsufa, ta kan fara cin sashen nan mai saƙar zuma da hifokamfas tun da wuri, shi ya sa ɓatan hanya ke cikin alamunta na farko. Tun wajen 1996 a ke da ƙananan ɓeraye da aka sauya wa ƙwayoyin gado don su kamu da mai kama da ita, a na gwada magunguna a kansu cikin tafkin Morris. Sai dai magunguna da yawa da su ka gyara iyon ɓera sun kasa da aka kai su ga mutane, domin ɓeran wani yanki na cutar kaɗai ya ke ɗauke da shi.

Inda aka fi samun riba shi ne aron dabarun gwajin kansu. A 1980 Mittelstaedt da matarsa a Jamus su ka gwada wani irin ɓeran hamada cikin duhu. A ɗauke ɗanta daga sheƙa a ajiye a tsakiyar faifai, uwar ta yi ta yawo har ta same shi, sa'an nan ta miƙe sak zuwa sheƙa. In aka juya dandamalin da ta ke kai a hankali yadda ba za ta ji ba, sai ta kauce wa sheƙar daidai gwargwadon juyin. Watau lissafin takunta da juyinta ta ke yi a ka, ba ta bukatar alama. A 2019 likitoci a Kambirij ta Ingila su ka yi wa dattawa masu ƙaramar mantuwa irin wannan. Aka sa musu tabarau mai nuna filin da kwamfuta ta zana, su taka zuwa alama ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sa'an nan alamun su ɓace a ce su koma inda su ka fara. Waɗanda ruwan ƙashin bayansu ya nuna alamar cutar Alzheimer sun fi kauce wa wurin, kuma wannan gwaji ya fi jarrabawar takarda da fensir da aka gwama shi da ita iya ware su daga sauran.